Abin Da Ke Hagun Allo

Shafi na 17

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da iyalansa da sahabbansa.

Masu bibiya, saƙonninku sun iso, har da na masu ƙorafin cewa shafin jiya ya yi gajarta. Allah Ya ba mu haƙuri da juna.

Mun tsaya ne a inda Direba, mai jan motar makarantar yara, ya bar wa ƙaninsa Auta mai aski wayarsa tun da safe. Ya roƙe shi ya duba masa wasanninsa na shaɗaranji, wato ces ɗin nan da ake bugawa ta waya da mutanen da ba a taɓa gani ba, ya gano masa dalilin da ya sa a 'yan kwanakin nan kowa ya same shi sai ya cinye shi.

Bayan sallar Azahar Direba ya ajiye bas ɗin a ƙofar shagon, ya shigo da sallama. Babu kowa sai Auta, yana zaune a kan bencin masu jiran layi, wayar tana bisa cinyarsa. Fanka tana kaɗa gashin da ke zube a ƙasa, wanda tun safe ba a share ba.

Direba ya dubi ƙasan shagon ya ce, "Yau kuma tsintsiyar ce ta tafi hutu?"

"Zauna, Yaya."

Ya haye kujerar aski kamar yadda ya saba, domin ita ce mai laushi, ya miƙe ƙafafunsa.

"To, babban malamin ces, me ka gano? Ka faɗa mini kai tsaye, an kusa tashin yara."

Auta ya juya wayar a hannunsa. Tun hantsi yake shirya maganar da zai yi, amma da ya ga fuskar yayansa sai ya kama wadda ta fi sauƙi.

"Kana fito da sarauniya tun ba a gama gaisawa ba. Wasa bai je ko'ina ba ka turo ta tsakiyar fili. Ƙananan sojojin mutum su yi ta korarta, kai kana gudu da ita, shi yana jera kayansa a natse."

"Ita ce babbar mota. Wa ya kamata ya buɗe hanya in ba ita ba?"

"Sarkinka kuma kullum yana tsakar gida. Ba ka shigar da shi kusurwa, ba ka rufe masa ƙofa."

"Sarki ne, ya sha iska."

"Kuma ka bar wasan gaggawar nan na minti uku. Kana taɓa allo kamar mai danna oda a kasuwa. Ka koma wanda ake ba mutum lokaci. Kafin ka motsa komai ka tambayi kanka, shi me yake nufi da abin da ya yi yanzu? In an cinye ka kada ka shiga wani nan take don huce haushi, ka tsaya ka duba inda ka faɗi."

Direba ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba.

"Auta, duk wannan ka gaya mini tun bara. Da wannan halin na hau inda na hau. Da shi nake cin mutanen da suka fi ni karatun wasan, saboda kafin su gama tunani na riga na shiga gidansu. Halina bai sauya ba. Makina na wasan ne ya zube. To me ya sauya?"

Wannan ita ce tambayar da Auta ya yi ta roƙon Allah kada a yi masa.

Ya tashi ya jawo ƙaramar kujera, ya zauna a dama da yayansa, ya buɗe wani wasa.

"Duba wannan. Na shekaranjiya ne. Kai ne da farare. Ga dokinka a bakin allo. Mutumin ya turo soja ɗaya ya tsaya masa a wuya. Me ka yi?"

"Na kai hari."

"Ka kai hari a can ɗaya gefen. Shi kuma bai ci dokin ba. Ya tsaya yana tunani har lokacinsa ya kusa ƙarewa, yana zaton tarko ka ɗana masa. Har saƙo ya rubuto maka yana tambaya ko da gangan ka yi. Ka sake yin wani takun, ka bar dokin. Sai ya ɗauke."

"Mantuwa ce. Kowa yana yi."

"Haka na ce. Sai na buɗe na gaba, hasumiya ce ta tafi, a gefen nan dai. Na gaba kuma sarauniyar ce da kanta, tana zaune a fili, aka zo aka ɗauke ta kamar kayan da ba mai shi. Na ce to, Yaya ya yi rauni a ɓangaren sarauniya. Wannan ciwo ne mai magani. Akwai darussa a kansa, har na nemo maka guda biyu, na ji daɗi."

"To ba ni mana."

"Sai na buɗe wasannin da ka riƙe baƙaƙe."

Auta ya buɗe ɗaya ya nuna masa. Fankar ta ci gaba da juyawa.

"Ka san in kana da baƙaƙe waya tana juya maka allon. Sarauniyarka takan koma dama, sarki ya dawo hagu. Da ɓangaren sarauniya ne matsalarka, da ɓarnar ta bi ta zuwa dama. Ba ta bi ta ba, Yaya. Ta zauna a hagu. Farare ko baƙaƙe, duk abin da aka ɗauke maka ba ka sani ba, a hagun allo yake. A dama kuwa har yanzu kai ne. Akwai wasan da ka yi wa wani haɗin doki da sarauniya a dama, ni kaina sai da na maimaita shi kafin na gane."

Direba ya gyara zama.

"Gilashin wayar ne. Ya tsufa, gefen nan ba ya haske."

"Tun safe tana hannuna. Na buga da ita, na ci."

"To kai ka fi ni ido, yaro ne kai."

"Wa ya rage maka gashin baki?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ni na rage abina."

"Rabi ka rage, na hagu yana nan."

Hannun Direba ya tashi zai taɓa leɓensa, ya tsaya a hanya, ya koma kan hannun kujera.

Auta ya miƙe. Ya juya kujerar ta ba madubi baya, ya tsaya a gaban yayansa, mataji a hannu ɗaya, almakashi a ɗayan.

"Don girman Allah, Yaya, ka yi mini abu ɗaya. Ka kalli hancina, kada ka motsa ido. In ka ga na ɗaga wani abu, ka faɗa."

"Hancin naka ai ba abin kallo ba ne."

"Ka kalla dai."

Ya ɗaga matajin ta daman Direba.

"Mataji. Har da haƙorinsa biyu da suka karye. Sai yaushe za ka sayi sabo?"

Auta ya sauke. Ya ɗaga almakashin ta hagun Direba, ya riƙe shi daidai kafaɗar yayansa. Ya buɗe shi, ya rufe, a hankali yadda ba zai yi ƙara ba. Ya matso da shi har ya kusa taɓa kunne.

Direba yana kallon hancinsa, yana jira.

"To ka ɗaga mana," in ji shi. "Me kake jira?"

Hannun Auta ya sauko da kansa, almakashin ya bugi ƙarfen kujera. Da jin ƙarar Direba ya juya kansa gaba ɗaya, ya ga almakashin, ya ga inda hannun ya fito.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," Auta ya faɗa a hankali.

Ɗan Adam yakan kwana ya tashi da ni'ima a jikinsa shekaru masu yawa bai taɓa sanin tana da iyaka ba, sai ranar da Mai ita Ya janye gefe ɗaya. Tsarki ya tabbata gare Shi, ba a tambayarSa a kan abin da Ya aikata.

Direba ne ya fara magana, muryarsa a ƙasa.

"Kwanakin baya ne, da asuba. Ina alwala kaina ya sara, buta ta kuɓuce mini. Na zauna a bakin famfo har abin ya lafa. Na yi salla, na fita aiki."

"Ka sani ke nan."

"Na san wani abu ya tafi. Ban san sunansa ba."

"Maman yara fa?"

"Ta ga ina barin abinci a gefen faranti, ta ce na fara raina girkinta. Na bar ta a haka. Gara ta yi fushi."

"Madubin motar da ka ce mai babur ne ya karya?"

"Ginshiƙin ƙofar makaranta ne." Ya yi ɗan murmushi marar daɗi. "Ƙofar da nake shiga tun kafin ka yi aure."

Auta ya zauna a ƙasa, a kan gashin mutane, bai ma lura ba.

"To me ya sa ka ba ni wayar?"

"Kowace safiya kafin in tayar da mota nakan buga wasa ɗaya. Ba don maki ba. Nakan ce a raina, in yau na gama ba a ɗauke mini komai a ɓoye ba, to ya dawo. Kullum sai an ɗauke. Sai in ce wataƙila dai wasan ne ban iya ba, wataƙila mutanen ne suka ƙara ƙwarewa. Na ba ka ne don ka ce mini haka. Da ka ce, 'Yaya, kai dai ba ka iya ba ne,' wallahi da na sa maka albarka na tafi."

"Da na iya faɗa, da na faɗa."

"Na sani. Tun kana ƙarami ba ka iya ƙarya ba. Shi ya sa kasuwanci ya gagare ka."

"Tashi mu tafi asibiti. Yanzu. In rufe shagon."

"Yara fa? Saura kaɗan a kaɗa ƙararrawa."

"Ka kira shugabar makaranta ta nemo wani ya kwashe su."

"In ce mata me?" Direba ya sunkuyo. "Faɗa mini kalmar da zan yi amfani da ita. Auta, ranar da maganar nan ta fita daga bakina, na sauka daga sitiyari ke nan har abada. Babu wanda yake mayar wa direba makulli bayan ya ji wannan. Kai in hannunka ya yi ciwo za ka ɗauki wani ya yi aski, kai ka zauna kana ba da labari. Ni me zan zauna in yi? Ban iya komai ba sai wannan. Ga babban yarona yana shekarar ƙarshe a karatunsa, ga 'yan ƙannensa."

"Allah ba Ya barin bawanSa."

"Na yi imani da haka. Ban ce Zai bar ni ba. Na ce ka bar ni in kai ƙarshen zangon nan. Hutu ya kusa. In an yi hutu, da ƙafata zan je asibitin, kai za ka raka ni. Ba na gudu da mota yanzu. Kowace mahaɗa sai na juya kaina gaba ɗaya, har yaran suna yi mini dariya, suna cewa Baba Direba ya zama mujiya. Hanyar nan na san ta kamar ɗakina. Na san kowane rami, na san inda kowace mai talla take tsayawa."

"A allon ma ka san inda dokin yake, Yaya. Kai ka ajiye shi da hannunka."

Direba ya kawar da kai.

"Wancan wasa ne."

"Shi ya sa nake jin tsoro. A can doki aka ɗauke, ka shiga wani wasan. 'Yata a bayan kujerarka take zama. Ita ce take riƙe maka gorar ruwa."

"'Yarka?" Muryar Direba ta yi kauri. "Ranar da aka haife ta kana waje kana rawar jiki, ni na fara karɓarta. Yau ni kake gaya wa 'yarka? Kana ganin zan cutar da ita?"

"Ban ce za ka yi niyya ba."

"To me ka ce?"

"Na ce akwai 'ya'yan mutane a ciki. Akwai kuma waɗanda ke tsallaka titi, su ba su san komai ba. Amana ce, Yaya. Kai ka koya mini wannan kalmar."

"Yau kuma ni za a yi wa wa'azi."

Auta ya sunkuyar da kai. Wannan mutumin ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon aski, shi ya ɗauko masa wannan kujerar a bayan mota. Tun da yake bai taɓa ce masa a'a ba, bai ma san yadda ake fara faɗarta ba. Ga shi bai iya tuƙi ba, balle ya ce kawo in kwaso su. Haƙƙin ɗan'uwa yana gefe, haƙƙin yara yana gefe, kuma duk wanda ya ɗauka sai ya taka ɗayan.

Wayar ta yi ƙara a kan benci. Auta ya riga shi kai hannu. Sunan shugabar makaranta ne a jiki.

Direba ya miƙo tafin hannunsa. "Ba ni."

Auta ya riƙe ta da hannu biyu. Yatsansa yana kan wurin amsawa. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ƙarshen aikin yayansa, kuma ya san ta, tana bakinsa.

"In ka amsa," in ji Direba a natse, "ka yi magana da kyau. Ka gaya mata kai ne ƙanina, don ta san daga gida abin ya fito."

Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta yi shiru. Auta bai amsa ba, bai kuma miƙa ba.

Direba ya sauko daga kujera. "Riƙe ta. Motar ba da waya take tashi ba."

Ya laluba aljihun rigarsa. Ya laluba na wando. Ya juya wajen kantar da ke ƙarƙashin madubi, ya ɗaga gwangwanin hoda, ya matsar da burushi, ya duba bayan kwalbar man gashi. Ya sake komawa aljihu.

Makullin yana kan kantar, a fili, kusa da hannunsa na hagu. Ko taƙi ɗaya babu tsakaninsu.

Auta yana ganinsa daga inda yake.

"Ka ɗauke mini makulli?"

"Ban taɓa shi ba."

"Auta."

"Wallahi ban taɓa shi ba, Yaya."

Gaskiya ya faɗa, kuma bai taɓa jin gaskiya ta yi masa nauyi irin na wannan rana ba. Ya tsaya yana kallon mutumin da ya rene shi yana shafa kanta da hannun dama, yana durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin kujera, yana tashi da gashi a gwiwarsa. A zuciyarsa yana roƙon Allah abu biyu da ba sa haɗuwa: kada yayansa ya ga makullin, kuma Ya sa ya gan shi da idonsa.

Sai aka ɗaga labulen ƙofa. Tela ne, maƙwabcin shagon, da tef a wuyansa.

"Salamu alaikum. Auta, ara mini cajarka, tawa ta sake mutuwa. A'a, Direba, me ake nema haka har da durƙuso? Ko sarauniyar ce ta faɗo daga waya?"

"Makullin mota."

"Makulli?" Tela ya yi dariya, ya miƙa hannu ya ɗauko shi daga kan kanta, ya kaɗa shi. "Wannan da ke gabanka? Lallai tsufa ya yi sallama. Karɓi, kafin yaran mutane su bushe a rana."

Ya saka masa a tafin hannu.

Direba ya dubi makullin. Ya dubi wurin da aka ɗauko shi, sai da ya juya kansa sosai kafin ya ga wurin. Sannan ya dubi ƙaninsa.

"Tun ɗazu kana ganinsa."

Auta ya dubi ƙasa.

Direba ya gyaɗa kai, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ɗaga labule ya fita.

"Lafiya?" in ji Tela. "Faɗa kuka yi? A kan wasan nan dai?"

Daga waje aka ji ƙofar bas ta rufe. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya kama. A daidai lokacin wayar ta sake ɗaukar ƙara a hannun Auta, sunan shugabar ne dai.

Ya ture Tela ya fita da gudu, babu takalmi. Motar ta riga ta fara motsi. Ya sha gabanta ta kusurwar da ta fi kusa da shi, ya ɗaga hannuwansa biyu sama, wayar tana ta kuka a ɗaya.

"Yaya, tsaya. Yaya."

Gilasai a rufe suke, injin ya danne muryarsa. Ta cikin gilashin gaba yana ganin yayansa sarai, hannu biyu a kan sitiyari, leɓensa yana motsi da addu'ar hawa abin hawa, idanunsa a buɗe suna kallon hanya. Babu alamar ya ga kowa.

Motar ba ta rage tafiya ba.

Sai a lokacin Auta ya gane a wane gefe ya tsaya: a hagun yayansa.